Gwaggo Yelwa da Rainon Hussaini

Asabar, 7 ga Yuni, 2003, bayan la'asar

Bari in riƙa zubar da abin da ke cikina a nan, tunda duk wanda na buɗe wa baki sai ya ce, "Ikilima, haƙuri." To na ji. Ai haƙurin nake yi, ba rawa nake takawa ba.

Mako na biyu ke nan ina gidan ƙanwata Siddiƙa. Tun ranar da muka dawo daga asibiti da yaro ɗaya a kafaɗata ba ta taka tsakar gida ba, sai in za ta kewaya. Tana kwance, fuska a bango. In an kai mata Hussaini takan bari a sa shi a nono, amma hannunta ba ya taɓa shi, idonta ba ya kallonsa. Ni nake tallafe masa kai har ya ƙoshi. Yaro ɗan wata bakwai me ya sani? Yana sha yana wasa da wuyan rigarta, ita kuwa kamar an dasa icce. In maƙwabta sun tambaya mukan ce kunyar ɗan fari ce. Sun san ƙarya muke, don da can ba ta yi kunyar ba, sai dai su gyaɗa kai su wuce.

Na san dalili. Fuskarsa da ta ɗan tagwaicinsa da ya rasu iri ɗaya ce sak. Ni kaina in ya yi dariya sai in waiwaya ina jiran ta biyu.

Jibi dole in koma aji, hedimasta ya aiko har ya gaji. Mahdi, mijinta, ba mazauni ba ne, cinikinsa tsakanin Daura da Kongolam yake. Da Innarmu na da rai da duk wannan bai taso ba. Yanzu sai a nemi mai raino.

Lahadi, 8 ga Yuni, da azahar

Mahdi ya ce shi dai kada a kawo masa budurwa gida, zamanin Shari'a ne kuma bakin unguwa ba ya da linzami. Na yarda, amma ba don bakin unguwa ba. Yarinya za ta saɓa shi a baya ne ta tafi wasan carafke, kansa na lilo a rana.

An ba ni suna biyu. Ta farko Murjanatu, nan bayan layinmu. Ta haifi tara, ta aurar da huɗu, in tana magana ana jin ta daga bakin titi. Ta biyu ana ce mata Gwaggo Yelwa, tana zaune can wajen Kusugu a gidan ɗan wanta. Ta yi aure biyu ba ta taɓa ko ɓari ba. Amma an ce tun kafin a yaye ni take rainon 'ya'yan mutane, kuma cikin waɗanda ta goya har da masu gemu yanzu.

Ba na sayen tsuntsu daga sama, sai na yafa mayafi na tafi gidan Alhaji Badaru, inda ta taɓa daɗewa. Matar gidan ta yabe ta sosai. Ta ce ga tsafta, ga amana, ko allura ta tsinta sai ta kawo, yaro ba ya ƙurji a hannunta. Har na fara murna, sai ta ajiye murya ta ce, "Aibinta ɗaya ne, Malama. Tana raba ɗa da uwarsa."

Ta ce ɗanta Usman, Gwaggo Yelwa yake kira Inna, ita kuwa da ta haife shi sai ya ga dama yake zuwa hannunta. Yanzu yana sakandare, amma har gobe ranar Salla can yake fara zuwa gaisuwa. Tana faɗa tana dariya, dariyar da ba ta wuce haƙori ba.

Na dawo ina auna abin a hanya. A gidan da uwa ta riga ta juya wa ɗa baya, wannan ce za a kawo? Allah Ya kiyaye. Mai tara ta fi mai babu. Na ɗauki Murjanatu.

Litinin, 9 ga Yuni, bayan magariba

Na koma makaranta. Na rubuta kwanan wata a allo ba daidai ba, yara suka gyara mini.

Ba ta fito ba.

Laraba, 11 ga Yuni, da yamma

Ba zan ci amanar Murjanatu ba, ta iya yaro. Cak take ɗaga shi kamar tulu, ta yi masa wanka, ta cika masa ciki da kunu. Sai dai da safe take goya shi ta tafi da shi gidanta, wai kada kukansa ya dami mai jinya. Na dawo na tarar da gidan tsit kamar an yi shara an tashi. Wannan shirun ya fi kukan ba ni tsoro.

Ɗazu kuma na ji ta a ɗakin Siddiƙa tana mata nasiha. Wai ita uku ta binne, kuma kowanne kashegari ita ta yi tuwon gida, mace ba ta kwanciya don wannan. Gaskiya ta faɗa, kuma don Allah ta faɗa. Amma Siddiƙa ta ja zane ta rufe har kanta, da daddare ko nonon ba ta bari an sa shi ba. Da madarar gwangwani ya kwana.

Juma'a, 13 ga Yuni, bayan sauka daga masallaci

Abu biyu yau, duk ba daɗi.

'Yar Murjanatu ta sauka a Zango, uwar ta tafi yi mata wankan jego. Ta ba ni haƙuri, na ce Allah Ya raya, me zan ce?

Sai ga Hajiya Maimunatu, mahaifiyar Mahdi, daga Mai'adua. Ta shiga ɗakin ta daɗe, ta fito tana share ido. Ta ɗauki Hussaini ta juya shi, ta taɓa wuyansa, ta ce ya rame. Ya rame ɗin, ba sharri ta yi ba. Ta zaunar da ni ta ce 'yarta tana goyo, nono ya ishi biyu. Za a yi addu'ar arba'in ranar Juma'ar farko ta watan gobe, ko da abokan Mahdi na ta ce masa bidi'a ce, ita dai sai ta yi. In har ranar ta zo abu bai canza ba, za ta tafi da yaron.

"Ba ƙwace zan yi ba, Ikilima," in ji ta. "Na rasa jika ɗaya, ba zan zuba ido in rasa na biyu ba."

Na so in yi faɗa, ban samu inda zan kama ba. Amma na san ƙanwata. In aka fita da yaron nan ta ƙofar nan, ba za ta ƙara tashi ba. Mahdi yana tsugune a gefe yana zanen ƙasa da tsinke. Namiji ke nan.

Asabar, 14 ga Yuni, da hantsi

Na haɗiye girman kaina na tafi wajen Kusugu.

'Yar tsamurmurar tsohuwa ce, haƙora jajur da goro, tana ɗan jan ƙafar hagu. Ɗakinta na yoyo, ta jera kwanoni a ƙasa tun ruwan shekaranjiya. Na fara mata bayanin yaron, watanninsa da abin da yake ci, sai ta katse ni ta ce uwar fa, tana cin abinci? Tana salla? Wa take yi wa magana? Ta yi min tambaya a kan Siddiƙa har na ƙosa, na ce Gwaggo, yaro za ki raina ba uwarsa ba. Ta dube ni kawai ta ɓantari goro.

Ban ɓoye mata ba, na ce na je gidan Alhaji Badaru kuma na ji abin da aka ce. Na zaci za ta kare kanta. Sai ta ce, "Ba su yi min ƙarya ba."

Ta kafa sharaɗi biyu. Ba za ta riƙa kwana ba, da magariba za ta tafi. Kuma ba za ta goya shi da zanenta ba, in ba ta zanen da uwar ta kwana da shi, kada a wanke. Na ce to. Ba ni da zaɓi, wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi.

Litinin, 16 ga Yuni, bayan la'asar

Ta zo da butarta da 'yar tabarmarta. Kafin ta kalli yaron sai da ta tsaya a ƙofar Siddiƙa ta yi sallama, ta yi gaisuwa cikakkiya kamar ana amsa mata. Ta ce, "Maman 'yan biyu, ni ce Yelwa, an ɗauko ni in riƙe miki ɗanki kafin ki ji sauƙi." Tun ranar rasuwar ba wanda ya ƙara kiran ta da wannan sunan.

Duk faɗin tsakar gidan nan, ga inuwar darbejiya, ba inda ta ga damar shimfiɗa tabarma sai dab da labulen ɗakin. Can take masa wanka, can take ba shi kunu, can yake kashinsa, can yake kukansa. Na ce Gwaggo, ki matsa mana, za ku dame ta. Ta ce ƙafarta ce ba ta son nisa. Ƙafar da ta tako tun daga Kusugu!

Laraba, 18 ga Yuni, da asuba

Ba ta fito ba. Amma kwanon da na ajiye mata jiya babu komai a ciki.

Alhamis, 19 ga Yuni, da yamma

Matar nan ta iya aiki, wallahi ban taɓa ganin irinsa ba. Tun kafin ya buɗe baki ta san ko yunwa ce ko barci ko ciki. Ta taɓa dasashinsa ta ce haƙori na tafe, kada in firgita in ya yi zawo. Yadda take naɗe shi a baya, ko gudu za ta yi ba zai motsa ba. Har wuyansa ya fara cikowa.

Abu ɗaya ke ci min rai. Ba ta yi masa wasa. Ba ta masa waƙa, ba ta cilla shi sama, ba ta sumbatarsa. In za ta ba shi kunu sai ta zaunar da shi a cinya ya ba ta baya, fuskarsa na kallon labule. Jiya ya juyo ya kama haɓarta yana ɓangale baki, irin dariyar da ko dutse sai ya narke, sai ta sa hannu ta mayar da kansa wajen ƙofa ta ce, "Can za ka yi wa, ba ni ba."

Wannan ce mai raba ɗa da uwa? Ni dai na ga kamar ma ba ta son yara. Ko tsufa ne ya busar da ita, oho.

Asabar, 21 ga Yuni, da hantsi

Yau ina gida na ga abin mamaki. Matar da ta goyi rabin garin nan ta zama ba ta san komai ba. Tana daga bakin ƙofa tana ta tambaya: Maman 'yan biyu, ina kike ajiye man shafawarsa? Kunun gyaɗa yake so ko na tsamiya? In zai yi barci, jijjiga shi kike ko bubbuga baya? Shiru. Ta sake tambaya. Shiru. Ba ta gajiya, ba ta ɗaga murya. Man shafawar kuwa yana gabanta a kan taga, ni na nuna mata shi tun ranar farko.

Da za ta yi masa wanka ta sirka ruwa, ta ce bari ta ƙara na zafi, yara na son ruwa da zafi. Ta ɗaga tukunya ke nan sai muka ji murya daga ciki, a dishe kamar ta wanda ya tashi daga zazzaɓi.

"Ba ya so da zafi. Ɗayan ne mai so."

Gwaggo kuwa ko gezau, ta ajiye tukunya ta ce, "Yauwa, na gode, da na ƙona miki shi." Na leƙa tukunyar daga baya. Ruwan sanyi ne a ciki.

Talata, 24 ga Yuni, bayan magariba



Akwai sunan da ba a faɗa a gidan nan. Ban hana kowa ba, kowa ne ya hana kansa. Na kwashe 'yan rigunan da suke bibbiyu na kai gidana, na ɓoye hoton suna, na ce wa 'ya'yana duk wanda ya yi suɓul da baka sai na fasa masa shi. Ko a nan ban rubuta shi ba.

Ɗazu ina cire takalmi na ji Gwaggo tana shafa wa yaron mai tana cewa, "Kai da Hassan wa ya fi ƙiba?" Sannan ta juya wajen labule ta ce, "Maman 'yan biyu, ni ban san Hassan ba. Ba ni labarinsa mana."

Na yi kanta kamar zan cinye ta. Kafin in isa sai kuka ya tashi daga ɗakin, irin wanda ban taɓa ji daga bakin mutum ba. Siddiƙa ba ta yi kuka a asibiti ba, ba ta yi ranar da aka fita da shi ba, ba ta yi ranar uku ba. Yau ta yi har maƙwabta suka leƙo ta katanga. Na shiga na rungume ta, tana ta cewa, Yaya, shi ne mai son ruwan zafi, shi ne ya fara zama, shi ne mai tabo a kunne. Muka yi ta yi tare.

Da na fito Gwaggo ta riga ta naɗe tabarmarta. Ban san ko godiya zan yi ko zagi ba.

Hassan. To, ga shi na rubuta.

Laraba, 25 ga Yuni, da azahar

Siddiƙa ta yi wanka da kanta, ta yi salla a tsaye. Ba ta fito ba.

Juma'a, 27 ga Yuni, bayan la'asar

Saura mako guda, ga abin da ya faru.

An tashe mu da wuri. Tun daga bakin lungu na jiyo kukan Hussaini, kuka na gaske, har yana shiɗewa. Na shigo soro a guje sai na yi karo da Gwaggo a tsaye a bayan ƙyaure. Ta cusa gefen mayafinta a baki ta cije, hawaye na bin fuskarta. Ta cafke min hannu, tsohuwar nan ashe da ƙarfi, ta ce, "Malama, ki ba ni kaɗan."

Na leƙa. Ta zaunar da shi a tabarma, ta tokare shi da matasai ta ko'ina, ba abin da zai same shi. Yana miƙa hannu wajen labule. Labulen ya motsa, na ga yatsun ƙafar Siddiƙa a ƙasansa. Suka tsaya. Suka koma.

Na fizge hannuna na ɗauke shi. Abin da na gaya wa matar nan, Allah Ya yafe mini. Na ce da ta san zafin naƙuda da ba ta bar ɗan mutane yana shiɗewa ba, wadda ba ta haifa ba ba ta san ciwon ɗa ba. Na ce ta kwashe tabarmarta. Bakina in ya ɓalle ba ya da birki, Innarmu ta sha faɗa.

Ta yi alwala ta yi sallarta, sannan ta zo ta zauna kusa da ni a gindin darbejiya, ta yi magana ƙasa-ƙasa yadda ba za a ji a ɗaki ba. Ta ce sa yaro ya so ka ba wuya ba ne, ita kwana uku ya ishe ta. Abin da ta yi ke nan a gidan Alhaji Badaru, tana ganin ƙwarewa ce. Ta yi wa Usman waƙa, ta kwana da shi, ta tauna ta ba shi. Ranar da aikinta ya ƙare yaron ya ƙi abinci ya ƙi ruwa, har uwarsa ta tako ɗakinta ta durƙusa tana roƙon ta zo ta ba ɗanta abinci. Ta ce idon matar nan a ranar bai taɓa barin ta ba, kuma tun daga nan duk gidan da ta shiga ta san inda za ta tsaya.

"Kin ce ban haifa ba, gaskiya ne," in ji ta. "Shi ya sa ban taɓa mantawa ba nawa ba ne. Kina ganin ba na son in ɗauke shi in shinshina wuyansa? In na yi, gobe wa zai nema?"

Ta ce yau ta yi gaggawa, ranar da Hajiya ta sa ce ta tsorata ta, kuma ba za ta sake barin sa ya yi irin wannan kukan ba. Na ce Gwaggo, ki yafe mini. Ta ce in tashi in ɗora tukunya, yamma ta yi.

Litinin, 30 ga Yuni, bayan isha'i

Yanzu Gwaggo ce take kai shi nono da rana. Yau ta ce in tsaya a bakin ƙofa in gani, kada in yi motsi.

Siddiƙa na kwance a gefenta kamar kullum. Gwaggo ta sa shi, tafinta a ƙarƙashin kansa. Tana ta ba ta labarin tsadar gero da yadda shuka ta yi kyau a hanyar Mai'adua, tana zare hannun a hankali, yatsa bayan yatsa. Ta ce wash, kafaɗarta, bari ta gyara zama. Kan yaron ya fara sulalewa, nonon ya kusa suɓuce masa.

Hannun Siddiƙa ya taso da kansa ya tare.

Ba ta kalle shi ba. Amma ba ta janye ba har ya yi barci, kuma na ga babban yatsanta yana shafa bayan kunnensa. Gwaggo ta ci gaba da zancen gero kamar ba ta ga komai ba. Ni na gudu madafa na toshe bakina. Tsohuwar zuma da ita ake magani, yau na yarda.

Alhamis, 3 ga Yuli, da yamma

An jiƙa gero, an yi cefane. Tana riƙe shi in yana sha, da ya gama sai ta miƙo. Ba ta fito ba. Gobe ne.

Juma'a, 4 ga Yuli, bayan magariba

An yi addu'a, an raba waina da gumba, mutane sun watse. Hajiya ta sa na haɗa kayan Hussaini a jaka, direban da ya kawo ta ya kai mota. Ina haɗawa ina jin kamar kayan gawa nake naɗewa.

Duk yinin Hajiya na lura da Gwaggo. Ta ga yadda jikanta ya murmure, ta yi ta sa albarka. Da za ta tashi sai ta ce ta yanke shawara, Gwaggo ma ta shirya su tafi tare. Akwai ɗaki na siminti da ba ya yoyo, ci da sha da sutura duk a wuyanta, ta zauna da su har ƙarshen rayuwa, yaron ya tashi a hannunta. Na tuna kwanonin nan da ke jere a ɗakinta. Mace ba ɗa ba jika, a wannan shekarun, wa zai ƙi? Na ce a raina shi ke nan, an gama da mu.

Gwaggo ta durƙusa ta yi godiya. Ta ce, "Hajiya, Allah Ya saka. Amma in na bi shi, zai same ni ya rasa uwarsa. Na taɓa yi, ba zan ƙara ba."

Ta miƙe da yaron a bayanta ta je ƙofar ɗakin. Wannan karon ba ta tsaya a waje ba, ta ɗaga labule gaba ɗaya, haske ya shiga. Ta kwance goyon ta riƙe shi a hannu.

"Maman 'yan biyu, motar Hajiya na waje, kayansa na ciki. Ni bayana ya gaji. Ko ki karɓi ɗanki, ko in miƙa wa kakarsa. Duk wanda kika ce shi za a yi."

Mahdi na bakin soro ya sunkuyar da kai. Hussaini kuwa ya ga uwarsa sai ya hau zillo yana miƙa hannu, yana wannan gwalantun nasa.

Sai na ji Siddiƙa ta ce, "Yaya, miƙo min majanyi."

Ta fito da shi a bayanta, tana dafa bango, ido a kanne saboda haske. Ta rame kamar a hure ta. Ta zo gaban Hajiya ta durƙusa da goyon ta ce, "Hajiya, ina wuni. A bar min shi." Hajiya ta jawo kan Siddiƙa ta rungume, suka yi ta kuka. Can ta ɗago ta daka wa Mahdi tsawa, wai yana tsaye kamar turke, ba zai je ya ɗauko jakar yaro daga mota ba?

Na waiwaya neman Gwaggo. Tana bakin rijiya tana wanke kwanonin sadaka.

Laraba, 9 ga Yuli, bayan la'asar

Yau Gwaggo ta ce aikinta ya ƙare. Na roƙe ta, Mahdi ya roƙe ta, Siddiƙa ma ta ce ta ƙara ko wata ɗaya ne, har yanzu jiri na ɗibarta. Ta ce jirin zai tafi in tana tashi, kuma ga ni nan ina leƙowa. Ta jira sai da ya yi barci a bayan uwarsa, sannan ta ɗauki butarta ta fita ba sallama.

Ni ma gobe zan koma gidana, kafin maigidan ya manta kamannina.

Asabar, 26 ga Yuli, da yamma

Ba kullum ne lafiya ba. Wata ranar Siddiƙa na tashi da nauyin zuciya, ta yini ba magana. Amma yaron na bayanta ko tana magana ko ba ta yi. Haƙora biyu sun fito, ya fara rarrafe, ya addabi kajin gidan.

Ɗazu ina gidan Siddiƙa sai ga sallamar Gwaggo. Ta ce hanya ce ta biyo da ita, an kira ta wani gida a nan kusa. Siddiƙa ta yi murna, ta shimfiɗa mata tabarma, ta kwanto Hussaini ta ce ga Gwaggonka, je ka gaishe ta. Gwaggo ta miƙa hannu biyu. Wannan ne karo na farko da na ga ta yi masa murmushi sosai, har da tafi da kiran sunansa.

Ya dube ta, ya taɓe baki, ya juya ya cusa fuska a wuyan uwarsa yana ƙanƙame ta. Siddiƙa ta ji kunya ta hau ba da haƙuri, wai ƙiwa ya koya kwanan nan, kowa ma haka yake masa. Hannun Gwaggo ya ɗan daɗe a sama kafin ta sauke shi kan cinyarta.

"Alhamdu lillahi," in ji ta. "Bar shi, haka ake so."

Ta sha ruwa, ta ɗan taɓa hira, ta ce za ta wuce kafin hadarin nan ya sauko. Na raka ta har bakin lungu. Can ta kwance bakin zanenta ta fito da wasu 'yan takalma ja na roba, irin na masu koyon tafiya, ta danƙa min a hannu. Ta ce ta gan su a kasuwa ne, ya kusa fara tsayuwa. Ta ce in kai masa, amma in ce ni na saya.

Na ce mata to. Na tsaya ina kallonta tana jan ƙafa har ta sha kwana, ba ta waiwayo ba. Na koma na ba Siddiƙa, na ce tsarabar Yaya ce, ta yi ta godiya.

Na cika alkawari a can. Amma a nan zan rubuta gaskiya: Gwaggo Yelwa ce ta saya.